Tukunyata a Ƙofar Gidan Rediyo

Ranar Litinin da safe ina zaune ina rege acca a tsakar gida, rediyo na rataye a reshen mangwaro, sai na ji sunana. Na saba jin sunana a rediyo, amma a sanarwar biki, inda ake cewa abinci daga hannun Mama Tamar. Wannan karon a cikin labarai na ji shi.

Rachael ce ke karantawa, yarinyar da na san uwarta tun tana soya ƙosai a bakin tashar jirgi. Da muryar nan tata mai sanyi ta ce mutum talatin suna kwance a asibiti bayan sun ci abincin biki jiya a Ungwan Asher, kuma ana zargin wadda ta dafa, wata mata mai suna Tamar Meshak, mazauniyar Kafanchan.

Jiya! Jiya Lahadi ina coci tun takwas na safe, na dawo na kwanta da ciwon gwiwa, ko ruwan shayi ban ɗora ba. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna, kaji suka yi Kirsimeti a watan Afrilu.

Ban yi makaranta ba, amma abin da ya taɓa ƙona ni ba na mance shi. Labarin nan na san shi kalma da kalma, domin na taɓa jin sa shekara uku da suka wuce.

Shekara talatin da huɗu ina dafa abincin biki da na jana'iza, daga Kagoro zuwa Zonkwa, daga Kwoi har Kachia. Da ludayin nan na binne mijina Meshak, da shi na kai 'ya'ya huɗu makaranta. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗora mini sharri, a bikin nan na Ungwan Asher. Mutane sun kwanta da amai da gudawa, wannan gaskiya ne. Kafin a san dalili, wani ɗan rahoto ya buga labari a kwamfuta ya aika wa Muryar Kurmi, gidan rediyon da muke ji a nan, suka karanta. Bayan kwana biyar ma'aikatan lafiya suka gano rijiyar gidan bikin ce. Ruwan sama ya kwaso ƙazantar masai ya zuba a ciki. Har waɗanda ba su taɓa abincina ba sun kwanta. Suka ba ni takarda mai hatimi, na kai wa Baba Silvanus, wanda shi ne babba a ɗakin labarai a lokacin. Ya zauna ya rubuta gyara da hannunsa da jan biro, ya shiga ya karanta da bakinsa sau uku a rana ɗaya, ya fito ya soke takardar a doguwar ƙusar da yake soke duk abin da aka karanta. Ya ce, "Tamar, je ki ɗora tukunya." Na je na ɗora. A wurina magana ta mutu.

Ban gama korar kajin ba sai ga Hellen a bakin ƙofa. Tare muke a zumuntar mata, kuma 'yarta Serah ce za a yi wa aure ranar Asabar, ni zan dafa. Tun Janairu muka gama magana. Na miƙa mata kujera ta ƙi zama.

"Mama, kin ji?"

"Da kunnena."

"Ni na san tsohon zance ne. Ai ina wurin, ni ma na sha ruwan rijiyar nan, kwana biyu na yi a kwance. Amma surukaina na Kachia ba su sani ba. Uwar ango ta kira ni sau uku tun ɗazu. Ta ce danginta ba za su shigo mota su zo cin mutuwa ba."

"To ki gaya mata gaskiya mana."

"Na gaya mata. Ta ce da ni da rediyo wa ya fi sani?" Hellen ta kama bakin zaninta tana murzawa. "Ranar Alhamis ne za mu shiga kasuwar Katsit sayen aladen biki. In har safiyar Alhamis rediyo ba ta wanke ki ba, dole in ba wata aikin. Ki yafe mini, Mama."

Ban zage ta ba, ba ita ta yi mini ba. Amma na san abin da ke gabana. Ranar da aka ji cewa Hellen, wadda muke raira waƙa a benci ɗaya, ta karɓe bikin 'yarta daga hannuna, na gama dafa abinci a ƙasar nan. Ba wanda zai tsaya tambayar rijiya.

Na ɗaura zani na tari keke napep har Muryar Kurmi.

Manajan gidan Dickson ne. Ni na dafa abincin aurensa. Kuma sati biyu kacal da suka wuce ni na dafa musu shinkafa da naman akuya ranar da suka buɗe sabuwar na'urarsu ta labarai. An kafa rumfa, masu gidan sun zo daga Abuja, fasto ya ɗora hannu a kan kwamfuta ya yi addu'a, ni ma ina bayan rumfa da ludayi na ce amin.

Da ya gan ni ya miƙe yana ta "Mama, Mama". Ya ce kuskure ne, Rachael ta faɗa masa, sun riga sun goge.

Na ce, "Kun goge daga ina? Daga kunnen mutanen Kachia?"

"Daga na'ura, Mama. Ba zai sake fita ba."

"Za ku faɗa a iska cewa ƙarya ne?"

"Za mu duba."

Ya sa aka kawo mini lemon kwalba. Ban sha ba, amma na koma gida, domin na ɗauka mutumin da ya ci abincina ranar aurensa yana da sauran kunya.

Talata da rana, labaran sha biyu, wani namiji ne ke karantawa. Sai na ji, "Rahoton da ya iso mana yanzu daga Kaduna na cewa mutum talatin suna kwance a asibiti." Sunana kuma. Jiya kuma. Wato yanzu ranar Litinin na kashe su.

Na shiga ɗaki na ɗauko Littafi Mai Tsarki. Ba na iya karanta shi, amma a cikinsa takardar ma'aikatan lafiya take, na san ta da hatiminta da ɗigon manja a gefe. A get maigadi ya ce Oga yana miting. Na ce masa ya matsa kafin in gaya wa matarsa inda yake cin abincin rana. Ya matsa.

Ban nufi ofishin Dickson ba, ɗakin labarai na shiga kai tsaye. A da ɗakin cike yake da takardu da warin tawada, teburin Baba Silvanus a tsakiya, ƙusarsa a tsaye. Yanzu ba tebur, ba ƙusa, sai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa da kwamfuta huɗu a jere. Rachael tana ganina ta rufe baki da hannu. Kusa da ita wani mai sanƙo yana zaune da igiyoyi a cinya. Shi ne Injiniya Kumai, wanda ya haɗa musu na'urar.

Na ce, "Wane ne a cikinku yake kashe mini mutum talatin kullum?"

Injiniya ya fara zuba Turanci. Na ce, "Yi mini Hausa, ɗana. Da Hausa kuka ɓata ni."

To ba laifi, ya yi bayani, kuma bai raina ni ba. Ya ce akwai wani kamfani a Kaduna da ke tattara labarai daga gidajen rediyo da yawa yana rarraba musu. A da sai an buɗe saƙo, a buga a takarda, babba ya duba, sannan a miƙa wa mai karatu. Aikin da aka ɗauko shi ya yi shi ne ya haɗa hanyar kamfanin nan da kwamfutar ɗakin labarai, yadda labari zai taso daga Kaduna ya faɗo gaban mai karatu ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Abin da suka karanta a nan kuma shi ma ya tafi Kaduna da kansa.

"Na ji. To ni ina na shigo?"

Ya sosa sanƙonsa. Ya ce ranar Asabar ya kwashe tsofaffin labaran da ke tsohuwar kwamfuta ya zuba a sabuwa don kada su ɓata. Waɗansu ba su da kwanan wata a jikinsu, sai na'ura ta ɗauke su sababbi ta jera su cikin labaran safiyar Litinin.

Rachael ta ce, "Mama, na tsallake da yawa. Na ga na gadar da ta karye, na san an gyara ta tuntuni. Amma naki ban san shi ba, lokacin ina makaranta a Jos. Na ga an rubuta jiya, na karanta. Sai da mamana ta kira ni tana kuka sannan na gane."

"Gyaran da Baba Silvanus ya yi fa? Me ya sa shi bai taso ba?"

Injiniya ya ce, "Wane gyara?"

"Wanda ya rubuta da jan biro."

"Abin da aka rubuta da hannu bai taɓa shiga kwamfuta ba, Mama."

Ka ji. Ƙaryar an buga ta da inji, ta samu ɗaki mai sanyi ta zauna shekara uku tana hutawa. Gaskiyar kuwa ko wurin zama ba a ba ta ba.

"Na yau fa? Ba an ce an goge ba?"

"An goge a nan. Amma tun jiya ya riga ya tafi Kaduna, sun raba wa kowa, har da mu. Ya dawo da tambarinsu, kuma dokar Oga ita ce duk abin da ya zo da tambarin Kaduna an riga an tantance shi. Na goge shi ɗazu. Gobe in wani gidan ya karanta ya mayar musu, zai iya sake dawowa."

Na ce, "Wato masai kuka haɗa da rijiya. Abin da kuka zubar ta baya shi kuke ɗebowa ku sha, ku ba gari. Na taɓa ganin irin wannan aikin a Ungwan Asher, Injiniya, kuma a can ma ni aka ɗora wa."

Bai musa ba. Ya ce magani ɗaya ne. A rubuta gyara a manna shi a jikin labarin, a tura Kaduna, su janye shi daga ko'ina. Aikin minti biyar ne. Amma na'ura ba ta tura gyara sai manaja ya sa lambarsa ta sirri.

Daidai nan Dickson ya shigo. Na buɗe Littafi na miƙa masa takardata. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya miƙo mini.

"Mama, wannan takardar shekararta uku. Labarin da ke wurin Kaduna na wannan satin ne. In na tura musu wannan za su ce ba su shafi juna ba."

"Kai ka san labari ɗaya ne."

"Na sani, amma sani ba hujja ba ne. Tsohon ba shi da kwanan wata, me zan nuna musu?" Ya rage murya. "Kuma ki gane, sati biyu ke nan da muka shiga tsarin nan. In muka rubuta cewa mun tura musu labarin ƙarya, za su iya cire mu. Me zan gaya wa masu gidan? Ki yi haƙuri, labari kwana uku ne, zai mutu da kansa."

"Shekara uku ya yi a cikin injinka bai mutu ba."

"Mama..."

"Ranar aurenka ruwa ya kashe mini wuta sau biyu, Dickson. Na tsaya a cikin ruwa na hura da bakina don kada dangin matarka su ce ka bar su da yunwa. Ban ce maka yunwa kwana uku ce, za ta mutu da kanta ba."

Ya kalli agogonsa. Agogo! Na rufe Littafina na fita kafin hannuna ya yi abin da zan tuba a kai ranar Lahadi.

Daga nan Kagoro na wuce. Baba Silvanus ya yi ritaya bara, na same shi a bayan gida yana gyaran kunyar citta da guntun wando. Ya ce ya ji labarin sau biyu, ya kira gidan rediyon ba wanda ya ɗauka.

Na ce, "Baba, ina ƙusarka?"

Ya yi dariya har da tari. Ya kai ni wani ɗaki da ya kamata a ce hatsi ne a ciki. Ƙusoshi ne rataye a jikin azara, kowacce da tulin takardu sun yi ja, kowace ƙusa wata uku. Ya ce ranar da aka fitar da teburinsa aka tara su za a ƙona, ya ɗauko keke biyu ya kwaso. Matarsa ta ce ko gara ba za ta ci su ba.

Ya sa tabarau, ya lissafa da yatsa, ya sauko da ɗaya. Muka zauna a kan turmi yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya zare su ba. Sai ga ta: labarin ƙaryar, wanda aka buga da inji, kuma a kusurwa ya rubuta kwanan wata da sa'ar da aka karanta, da sa hannunsa. Haka yake yi wa kowace takarda kafin ya soke. Sama da ita kaɗan, ga jan biro.

Na ce ya ciro mini su. Ya ce a'a. "In na cire sun zama takardu biyu kawai. A jikin ƙusa kuwa, ga na ranar da ta gabata a ƙasa, ga na washegari a sama. Ba mai cewa jiya na rubuta. Da ƙusar za mu je."

Laraba da sassafe na yi hayar keke biyu. Ɗaya ya ɗauki babbar tukunyata, wadda ake kira Uwar Gayya, da duwatsun murhu da itace. Ɗaya ya ɗauke ni da kayan gwate: tsakin masara, yakuwa, gauta, alayyahu, gyaɗa da ƙashin naman sa. Na kafa murhu a bakin get ɗin Muryar Kurmi, ta waje, inda ƙasar ba tasu ba ce. Maigadi ya zo zai yi magana, na miƙa masa bokiti na ce ya ɗebo ruwa daga famfonsu, don kada gobe a ce ruwana ne.

Gwate ba ya ɓoye kansa. Kafin ƙarfe goma ƙamshi ya tsayar da 'yan acaba da masu keke, da mata masu dawowa daga kasuwa. Na ɗaga ludayi na ce, "Ni ce Tamar Meshak da kuka ji a rediyo. Wadda ta kwantar da mutum talatin ranar Lahadi, ta sake kwantar da su ranar Litinin. Ga abincina kyauta. Mai jin tsoro ya wuce."

Suka tsaya suna kallon juna. Na zuba na ci a gabansu. Wani mai keke ya ce, "Mama, ni da yunwa ta kashe ni gara gwate ya kashe ni," ya miƙo hannu. Shi ke nan, layi ya kafu. Wani yana ci yana cewa a kira masa fasto, ya ji mutuwar tana da daɗi, a ƙara masa. Ni ban yi dariya ba. Ba wasa ya kawo ni ba.

Ƙarfe sha ɗaya Baba Silvanus ya sauka daga acaba da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rungumo ƙusa kamar jariri. Ma'aikatan gidan suka fara leƙowa. Injiniya Kumai ne ya fara fitowa, ya karɓi kwano ya zauna a kan dutse yana ci. Sai Rachael. A ƙarshe Dickson, fuska a murtuke.

"Mama, me ke nan? Kin tare mana hanya. Zan iya kiran 'yan sanda."

"Kira su, akwai saura a tukunya." Na zuba masa na miƙa. "Karɓi. In ka faɗi ka samu labarin sha biyu, sabo, ba na shekara uku ba. In kuma ba ka faɗi ba, ka shiga ka gaya wa mutane."

Ya ƙi karɓa. Mutane suka fara, "Oga ci mana! Oga yana tsoro!" Hannuna yana miƙe, kwano yana ƙona ni, ban sauke ba.

Baba Silvanus ya ɗora ƙusarsa a kan bencin maigadi ya ce, "Dickson, zo nan." Shi ya koya masa aiki, har yanzu in ya kira shi ƙafarsa ke fara amsawa. Ya nuna masa takardar inji da kwanan watanta. Ya ɗaga sama ya nuna masa jan biro. Sannan ya gyara tsayuwa ya karanta gyaran da ƙarfi, da muryar nan da duk wanda ya girma a garin nan ya sani, har inda aka ce gidan rediyon yana neman gafarar Uwargida Tamar Meshak.

Ya ce, "Ka ce ba ka da hujja. Ga ta. Tun daga kuskuren nan har na yi ritaya, ba a sake karanta sunan mutum da laifi ba sai an aika an ji daga bakinsa. Gidan matar nan tafiyar minti goma ne. Injinka ya san Kaduna, bai san bayan kasuwa ba."

Injiniya ya ajiye kwanonsa ya ce, "Oga, zan ɗauki hoton takardun nan biyu yadda suke a ƙusa in haɗa da ta asibiti. Kuskuren zuba tsofaffin labarai nawa ne, a rubuta haka, ni zan amsa wa Kaduna. Lambarka kawai nake jira."

Rachael ta ce, "Ni ke da labaran sha biyu yau, Oga. In ba gyaran Mama ne a farko ba, a nemi wani ya karanta."

Dickson ya dubi taron. Wayoyi sun fi ashirin a sama suna ɗaukarsa. Ban yaudari kaina cewa zuciyarsa ce ta motsa ba, wayoyin nan ya gani. Ya juya ya ce, "Ku shigo."

Na bi su da kwanon a hannuna. Ya ce in jira a waje, na ce jiran da na yi tun ranar Litinin ya isa. Na tsaya a bayan Rachael tana bugawa, Baba Silvanus yana karanta mini abin da ke fitowa. Dickson ya so a rubuta "wata mai dafa abinci". Na ce da cikakken sunana kuka ɓata ni, da cikakkensa za ku wanke ni. Ya so a ce kuskuren na'ura ne kawai. Na ce na'ura ba ta ci shinkafata ba, ba kuma ita ta ce mini za mu duba ba. Muka ja, muka ja, a ƙarshe aka rubuta cewa gidan rediyon ya yi kuskure. Sunan Dickson bai shiga ba. Na bar masa wannan, ba don ya cancanta ba, don sha biyu ta kusa.

Ya sunkuya ya danna lambarsa yana kare ta da hannu, sai ka ce zan sace in kai kasuwa. Injiniya ya danna wani abu ya ce, "Ya tafi." Na ce ya nuna mini sunana. Ya sa yatsa a wurin. Harafin farko na san shi, shi ne a jikin duk tukwanena. Na ajiye wa Dickson gwatensa a kan tebur kusa da kwamfuta na fita.

A bakin get muka ji shi, daga rediyon wani mai keke. Rachael ta karanta a farkon labarai, a hankali, ta faɗi rijiya, ta faɗi shekara uku, ta faɗi sunana sau biyu. Aka sake da yamma. Alhamis da safe ina shara sai na ji, "Rahoton da ya iso mana daga Kaduna," na tsaya da tsintsiya a hannu. Ashe gyaran ne ya je ya dawo ta hanyar da ƙaryar ta bi.

Ban ajiye tsintsiya ba na ji keke ya tsaya. Hellen ce, da igiyar ɗaure alade a hannu.

"Mama, ki yi sauri, masu kyau suna ƙarewa da wuri."

"Surukarki ta ji?"

"Ta ji. A gidan rediyo biyu ma." Ta naɗe igiyar a hannunta. "Ta ce to."

To ɗin nan na gan shi ranar Asabar. Na dafa wa mutum ɗari huɗu, aka cinye har ƙanzo. Amma uwar ango ta zo da kularta daga Kachia, ita da mata shida suka zauna a gefen rumfa suna cin tasu shinkafar, suna kallon masu cin tawa ko wani zai dafe ciki. Wasu mutanen Kwoi kuma da suka ce zan dafa musu a watan Mayu, tun ranar Litinin ɗin nan ba su sake kira ba, in na sa aka kira su ba sa ɗauka. Wataƙila rediyonsu a kashe yake ranar Laraba. Wa zan kama?

Dickson har yau bai tako gidana ba. Maigadi ne ya dawo mini da kwanon, a wanke. Ban tambaye shi wa ya ci ba.

Ranar Litinin da ta biyo na koma wurin Injiniya Kumai na ce ya fitar mini da gyaran a takarda. Ya ce, "Mama, yana cikin na'ura, ba zai ɓata ba." Na ce na ji, fitar mini. Na kai wa Baba Silvanus ya rubuta kwanan wata a kusurwa ya sa hannu da jan biro. Na sayi ƙusa 'yar inci shida a kasuwa, na kafa ta a bangon kicin, sama da inda Uwar Gayya ke zama, na soke takardar.